Bokayen Tamaula da Kuɗin Samarin Birnin Gwari

Akwai wata sana'a da ta yi kaka-gida a ƙasar nan wadda ba ta da rumfa a kasuwa, ba ta da sarkin sana'a, ba ta kuwa biyan haraji, amma ba Asabar ɗin da za ta wuce ba ta yashe aljihun dubban samari ba. Sana'ar kuwa ita ce sayar da labarin abin da bai auku ba tukuna. Masu yin ta sun raɗa wa kansu suna masana ƙwallon ƙafa, wasu har da Dakta ko Farfesa a gaban sunan, suna zaune a zaurukan WhatsApp da Telegram suna shelar cewa in ka biya su kuɗin mako ko na wata za su gaya maka kulob ɗin da zai ci gobe a Ingila, da wanda zai yi kunnen doki a Italiya, har da yawan ƙwallayen da za su shiga raga. Ni bokayen tamaula nake ce musu. Abin da nake so in tabbatar wa 'yan'uwana ɗalibai da ƙananan ma'aikata a wannan takarda shi ne, wannan boka da ake biya bai fi yaron da ke bin ƙwallo da hankalinsa a gidan kallo sanin gobe ba ko da ƙwayar zarra, kuma kuɗin da ake ba shi asara ce a kan asara.

Ba zan tsaya a kan hukuncin addini ba, domin malamai sun gama magana tun kafin a haife mu, kuma duk wanda ya je makarantar allo ya san aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta jera caca da giya wuri guda. Wanda wannan ta ishe shi, to, ya huta. Ni da waɗanda ba ta ishe su ba nake, watau 'yan bokon da ke cewa abin da suke yi ba caca ba ce, nazari ne, tun da wai sun sayi ilmin gwani. Da harshen da suke taƙama da shi zan yi musu magana, harshen lissafi.

Cutar ba sabuwa ba ce. A 1923 wani Bature, John Moores, ya kafa kamfanin Littlewoods a birnin Libaful, yana raba wa mutane takardar da aka jera wasannin Asabar, kowa ya canki yadda za su tashi. Wannan ita ce cacar pul, wadda ta biyo 'yan mulkin mallaka ta sauka a Ikko, ta hau jirgin ƙasa ta iso Sabon Garin Kano da Kaduna da Zariya. Iyayenmu ma'aikata sun san ta sarai. Sun san akawun da ke kasa kunne a rediyo da yammacin Asabar yana jiran sakamakon garuruwan da bai taɓa gani ko a taswira ba, in kakar Ingila ta ƙare kuma a koma kan kulob-kulob na Ostireliya, don kada aljihu ya sami hutu. Tun a wancan zamani akwai masu buga 'yan takardun hasashe suna sayarwa a bakin shagon pul, kowanne da lambobinsa uku da ya kira banka, watau waɗanda ba su tashi. Da banka ba ta tashi, da tsofaffin akawunan nan sun mutu da gidajen bene. A 1977 gwamnatin soja ta haramta injunan cacar kalokalo, amma kwaɗayi bai mutu ba, kwanciya ya yi. NairaBet ta buɗe a 2009, Bet9ja a 2013, wasu suka biyo baya, aka ɗauke shagon pul ɗungurungum aka cusa shi cikin wayar hannu, bokan ma ya bi shi ciki.

Me ya sa na ɗora maganar a kan Birnin Gwari? Domin ƙasa ce da kuɗi ke da tsada a cikinta fiye da sauran wurare. Allah ya ba ta ƙasar noma mai fitar da masara da dawa, ya ba ta zinariya, ya ba ta dajin Kamuku wanda aka mayar gandun ƙasa a 1999, sa'an nan wannan daji da ke haɗe da na Kuyambana ya zama maɓoyar 'yan bindiga shekara da shekaru. Manomi ya biya kuɗi kafin ya shuka, ya biya kafin ya girbe, ya sayar da gona ya fanshi ɗansa. Hanyar Kaduna, wadda ba ta fi tafiyar sa'a biyu ba in da lafiya, ta zama sai da rakiyar soja, wani lokaci ma rakiyar ba ta hana komai. Kasuwar shanu ta Kara ta yi shekaru a rufe, sai a watan Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya je ya buɗe ta bayan sulhun da aka ƙulla. Saurayin Randagi ko Kuyello ko Dogon Dawa da ya tsira da ransa daga wannan wuta, ya shiga ramin zinariya ya fito da 'yan dubbai, ko ɗalibin da ke karɓar naira 20,000 a wata daga asusun lamunin karatu, shi ne wanda wani ƙato da bai san inda Birnin Gwari take ba ke raba shi da kuɗinsa ta waya. Ɗan bindiga ya karɓa da tsinin bindiga, wannan kuwa miƙa masa ake yi, har da godiya.

To, bari mu fara da inda sana'ar hasashe ta fi ko'ina daraja, watau Amurka. Suna da wata ƙwallo tasu ta hannu, mai kama da zari-ruga, wadda ƙungiyar NFL ke shirya wa gasa tsakanin kulob 32. Kowace shekara a watan Afrilu kulob-kulob ɗin kan taru su zaɓi sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, zagaye bakwai, wanda ya fi kowa shan kashi bara shi ke fara ɗauka. A kan wannan zaɓe kaɗai an gina masana'anta guda. Akwai mutanen da ba su da aikin komai duk shekara sai jera sunayen yaran nan, wane ya fi wane, wane zai tafi kulob kaza, kuma shahararrensu, Mel Kiper, yana wannan aiki a tashar ESPN tun 1984. Su kulob ɗin ma suna kashe miliyoyin daloli a kan masu farautar 'yan wasa da likitoci da masu ƙididdiga. Sai wasu malaman jami'a biyu, Cade Massey da Richard Thaler, wanda daga baya ya sami lambar Nobel a 2017, suka zauna suka bi diddigin zaɓen shekaru masu yawa, suka tambaya: in an ɗauki yaro kafin wani yaron da ke buga wuri ɗaya da shi, sau nawa na farkon ke fin wanda ya biyo shi? Amsar ita ce kashi 52 cikin 100. Jama'a, wanda ya jefa kwabo sama yana da kashi 50. Duk wannan dukiya da wannan taƙama, kashi biyu suka saya.

Kada wani ya ce na ɓoye gaskiya: in an haɗa jimla, 'yan zagayen farko sun fi 'yan zagaye na bakwai, gwanaye sun iya rarrabe doki da jaki. Amma wannan ai duk mai bin wasan ya iya shi daga kan tabarmarsa. Inda ake bukatar gwani, watau tsakanin doki da doki, nan ne ilmin nasu ke ƙarewa. Tom Brady, wanda ya ci kofin gasar har sau bakwai, shi ne na 199 a zaɓen shekarar 2000, bayan an ɗauki mutum shida masu buga wurinsa. JaMarcus Russell, wanda aka ɗauka na ɗaya a 2007, kafin 2010 ta ƙare an sallame shi. A 2025 manyan masu sharhi sun yi wata da watanni suna cewa Shedeur Sanders ɗan zagayen farko ne, sai ga shi na 144, a zagaye na biyar. Ba wanda aka rage wa albashi.

Mu dawo tamaularmu ta ƙafa. Kafin Kofin Duniya na 2014, bankin Goldman Sachs, wanda ke ba gwamnatoci shawara a kan tattalin arziki, ya ɗura alƙaluma a kwamfuta ya ba Brazil kusan kashi 48 cikin 100 na ɗaukar kofi. Jamus ta zuba mata 7 da 1 a gidanta. A 2018 ya sake cewa Brazil, aka fitar da ita a zagayen kusa da na kusa da ƙarshe. A wannan shekara dai bankin UBS na Suwizalan ya ce Jamus ce, Jamus kuwa ta ƙare a gindin rukuninta bayan Koriya ta Kudu ta ci ta 2 da nema. Abin dariya, wanda ya fi kowa suna a tarihin hasashen ƙwallo ba mutum ba ne. Wata halittar teku ce mai hannuwa takwas, ana ce mata Paul, a gidan kifayen garin Oberhausen, wadda a 2010 aka riƙa ajiye mata akwati biyu da abinci, kowanne da tutar ƙasa, ta kuwa canki wasa takwas a jere daidai. Mai lissafi zai ce wannan sa'a ce ta ɗaya cikin 256, kuma in dabbobi ɗari-ɗari na canka a gidajen namun daji na duniya, dole wata ta dace. Haka ne. Sai mai lissafin ya riƙe wannan hujja da kyau, don ita ce dai za ta yi masa bayanin Farfesan da ke cikin wayarsa.

Masu bincike sun gwada abin a tsanake. A Jamus, Martin Spann da Bernd Skiera sun kwatanta hasashen masu ba da shawarar caca da farashin da kamfanonin caca ke sawa da kuma kasuwar hasashe ta jama'a, a kan wasannin Bundesliga, suka buga sakamakon a 2009: masu ba da shawara su ne a baya. A Suwidin an gwada masana harkar da ɗaliban da ba ruwansu da ƙwallo a kan Kofin Duniya na 2002, aka tarar masanan ba su fi ɗaliban dacewa ba, abin da suka fi su kawai shi ne yarda da kai. Wannan kuwa daidai yake da abin da Philip Tetlock ya gano a littafinsa na 2005, bayan ya bi hasashen masana siyasa da tattalin arziki 284 kusan shekara ashirin.

Dalilin ba boyayye ba ne, kuma kashi biyu ne. Na farko, ƙwallon ƙafa wasa ne mai ƙarancin ci. Wasan da ake tashi 1 da 0 ko 1 da 1, santsin ciyawa ɗaya, ko jan kati ɗaya, ko ƙwallon da ta bugi turke ta dawo, ya isa ya juya shi. Shi ya sa Kamaru ta ci Ajantina a 1990, Senegal ta ci Faransa a 2002, Saudiyya ta ci Ajantinar Messi 2 da 1 a 2022, Ajantinar kuma ta wuce ta ɗauki kofin. Shi ya sa Leicester City, wadda kamfanonin caca suka sa wa farashin 5,000 a kan 1, ta ɗauki Firimiya a 2016. Wa ya ce mana Najeriya za ta farke 3 da 1 a hannun Brazil ta ci 4 da 3 a gasar Atlanta ta 1996? Wane gwani ne kuma ya ce Kwaddibuwa, wadda Ikwatoriyal Gini ta yi wa 4 da nema har aka kori kocinta ana tsakiyar gasa, ita ce za ta karɓe Kofin Afirka daga hannunmu ranar 11 ga Fabrairu 2024? Na biyu, ɗan abin da ake iya sani ɗin ma a fili yake. Wa ya ji rauni, wa aka dakatar, wa ke gida, wa ya buga wasa ranar Laraba ya gaji, duk wannan yana isa wayar yaron Birnin Gwari a daidai daƙiƙar da yake isa wayar boka. A zamanin pul, lokacin da jaridar Ingila ke yin kwanaki kafin ta iso, mai takardar hasashe yana iya cewa ya riga ka ji. Yau ko wannan uzurin ya ƙare.

Za a ce mini, ashe ba wanda ya taɓa cin kamfanonin caca da ilmi? Akwai, kuma labarinsu shi ne babbar hujjata. Tony Bloom, mai kulob ɗin Brighton tun 2009, da Matthew Benham, wanda ya sayi Brentford a 2012 ya kai ta Firimiya a 2021, dukansu da lissafin caca suka tara dukiya. Amma dubi yadda suka yi. Sun kafa kamfanoni, sun ɗauki masana lissafi da yawa aiki, suna zuba miliyoyi don su sami ɗan rinjayen da bai taka kara ya karya ba a kan dubban wasanni, kuma suna tsare sirrinsu kamar yadda mai haƙar zinariya ke ɓoye ramin da ya dace. Ba su taɓa tsayawa a Telegram suna tallan sirrin a kan kuɗin katin waya ba, domin sirrin da aka raba wa jama'a ya tashi daga sirri, farashi ya gyaru, ribar ta gudu. Hausawa sun ce in mutum ya ce zai ba ka riga, dubi ta wuyansa. Mutumin da ya san wasa goma tabbas ba ya bukatar naira dubu biyar ɗinka, mako huɗu sun ishe shi ya sayi unguwa. Tun da yana roƙon ta, to, ita ce cinikin nasa, wasan kuwa ado ne.

Ga yadda ake ƙera Farfesa, kowa ya gwada da alƙalami. Wasa yana da mafita uku: ci, ko rashi, ko canjaras. Boka ya tara lambobin waya 729, ya kasa su uku, ya aika wa kowane kashi mafita ɗaya kyauta. Ko me ya faru a fili, mutum 243 sun ga ya dace. Ya watsar da sauran, ya sake kasa waɗannan uku. Mako na biyu saura 81, na uku 27, na huɗu 9. Waɗannan mutum tara sun ga wasa huɗu a jere da idonsu, kuma ko ka dafa musu Alƙur'ani ba za su yarda mutumin bai san komai ba, su ne kuma za su zama masu yi masa shela a ɗakunan kwanan ɗalibai. Wanda bai da haƙurin wannan ma yana da hanya mafi sauƙi: ya goge saƙon da ya faɗi, ya bar wanda ya ci, ko ya gyara hoton tikiti da kwamfuta. Akwai kuma wata ƙullalliya da yawancin masu biya ba su sani ba. Kamfanonin caca kan ba mai kawo musu abokin ciniki la'ada, kuma sau da yawa la'adar wani kaso ne na abin da abokin cinikin ya yi asara. Watau bokan da ya ce ka yi rajista ta hanyarsa yana ci in ka biya shi, yana kuma ci in ka faɗi. Dillali ne da ya karɓi la'ada a hannun mai saye da mai sayarwa, ya kuma haɗa baki da ɓarawon da zai tare saniyar a hanya.

Sai tikitin nan mai tsawo kamar rawani, wanda shi ne abin da bokaye suka fi sayarwa. A ce kowane wasa a ciki yana da kashi 70 cikin 100 na fitowa, wanda kuwa babban rinjaye ne a ƙwallo. Wasa biyu tare sun koma kashi 49. Wasa goma tare ba su kai kashi 3 ba. Ko ka ɗaga kowanne zuwa kashi 80, goman ba su wuce kashi 11 ba, watau sau tara cikin goma wasa ɗaya zai yanke tikitin, yaro ya kwana yana zagin Chelsea alhali lissafi ne ya yanke shi tun kafin a busa usur. Ga kuma rabon kamfani. Abin da ya kamata a biya naira 2 a kan naira 1, sai a biya naira 1 da kwabo 90, kamfani ya riƙe kashi 5. A wasa ɗaya ba ka ji ba, amma in ka jera goma, ragin yana hawa kan ragi har kowace nairarka ta koma kimanin kwabo 60 tun tana hannunka. Wannan darasin aji uku ne na sakandare, kuma abin takaici masu digiri ne ke faɗawa ciki.

Wasu bokayen, da suka ga an fara ganewa, sai suka canza waƙa, suka ce su ba hasashe suke yi ba, wasan da aka riga aka saya suke da labarinsa. A nan kam sun faɗi gaskiya guda ba da niyya ba: ba sakamakon da ake sani tabbas sai na maguɗi. Mu ma mun taɓa gani. A watan Yuli 2013, a Bauci, Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine ta ci Bubayaro 67 da nema, a rana ɗaya, kowace tana neman ta fi 'yar'uwarta yawan ƙwallaye don ta hau mataki na gaba, har duniya ta yi mana dariya, hukumar ƙwallo ta kori 'yan wasan har abada. Amma wa zai yarda cewa mutanen da suka sayi wasa a Turai, suka sa wuyansu a bakin kurkuku, za su kwashi sirrin su ba wani yaro ya sayar a kan kuɗin cefane?

Yanzu sai ɗan kallo mai hankali. Ba na cewa shi annabi ne. Yana da cutarsa, watau son rai. Mai goyon bayan Arsenal ba ya iya cankar faɗuwarta ko da rabin 'yan wasanta na asibiti, kuma Bakanon da ya saba da cewa ba a cin Pillars a filin Sani Abacha ya sha mamaki a 2015 ran da Nasarawa United ta karya tarihin shekara goma sha biyu. Mutum ɗaya, ko gwani ko ɗan kallo, duk jirgi ɗaya ya kwaso su, bambancin kawai ɗayan ba ya karɓar kuɗi. Amma 'yan kallo in sun taru suna da wani abu da boka ba shi da shi, kuma mutanen da ke da kasuwar Kara za su fi kowa gane misalin. A 1906, a wata kasuwar baje kolin dabbobi a Plymouth ta Ingila, an sa gasar cankar nauyin naman wani sa bayan an yanka an feɗe. Francis Galton ya karɓi takardu 787 na waɗanda suka canka, mahauta da manoma da 'yan ganin ido, ya jera su. Na tsakiyarsu ya ce laba 1,207, ainihin nauyin kuwa laba 1,198. Wannan ya zarce, wancan ya gaza, kurakuran suka cinye juna, gaskiya ta rage. Sharaɗin dai shi ne kowa ya canka da kansa, ba tare da leƙen na kusa ba. Gidan kallon da ya tara 'yan Madrid da 'yan Barcelona da 'yan Manchester, in kowa ya rubuta nasa a ɓoye aka haɗa, son ran wannan zai kashe na wancan. Zauren boka kuwa kishiyar haka ne, mutum dubu ne suka jingina da kai ɗaya, in ya karkace duk su zube.

Mutanen Birnin Gwari ba su bukatar Galton ya koya musu wannan. A shekarun da hanya ta ɓaci, wanda zai tafi Kaduna ba ya kunna talabijin ya ji abin da masanin tsaro mai kwat ya ce daga Abuja. Tasha yake zuwa. Direban da ya iso daga Buruku ya faɗi abin da ya gani, mai lodin masara ya ƙara nasa, ɗan sa-kai ya gyara, matar da ɗanta ya kwana a Udawa ta sa baki, daga nan mutum ya yanke shawara ko ya hau mota ko ya koma gida. Wannan ilmi bai hana a faɗa hannun miyagu wani lokaci ba, kuma ba wanda ya taɓa cewa tabbas ne, amma da shi aka rayu, kuma ba a sayar da shi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ya same mu 'yan boko shi ne an hore mu tun daga firamare mu raina duk sanin da ba a biya kuɗi a kansa ba, mu girmama duk wanda ya zo da Turanci da jadawali. Wannan tarbiyya ce ta sa gwamnatocinmu ke ɗauko ɗan kwangilar shawara daga waje ya gaya musu abin da dagaci ya sani, ita ce kuma ta sa ƙaramin ma'aikaci mai albashin naira 72,000 ke gutsurar albashin ya ba baƙon da bai taɓa ganin fuskarsa ba, ya ƙyale hankalin da Allah ya ba shi.

Hukuma fa? Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba 2021 an katse layukan waya a Birnin Gwari da maƙwabtanta saboda tsaro, wanda ya jefa jama'a cikin wahala mai yawa, amma ina kyautata zaton watannin nan biyu su ne kaɗai bokayen tamaula ba su ci kwabon garin ba. A Oktoba 2024 Hisbar Kano ta rufe shagunan caca masu yawa, a Nuwamba kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar caca ta tarayya ta 2005 ba ta hau kan jihohi ba, kowace jiha ita ke da ikon tsara abinta. Madalla. Sai dai ana iya sa wa shago kwaɗo, boka kuwa ba shi da ƙofa. Ba shi da lasisi, ba shi da adireshi, in asirinsa ya tonu ya rufe zauren ya buɗe wani da sabon suna kafin magariba. Abin da ke riƙe da shi kawai shi ne imanin masu biya, da kuma 'yan korensa, waɗanda, in za mu faɗi gaskiya, ɗalibai ne irinmu, masu komawa gida hutu su haɗa ƙannensu da abokan ƙuruciyarsu da shi don a ba su la'ada.

Saboda haka ina ƙalubalantar duk mai ganin na zalunci malaminsa, kuma ina roƙon Ƙungiyar Ɗalibai ta zama alƙali. A ware mako goma. Kowace Juma'a kafin la'asar a zaɓi wasa goma na Firimiya, a liƙa a allon sanarwa. Mai boka ya kawo hasashen bokansa a rubuce, a sa hannu, a rufe a ambulan, don kada a goge. A ɗauko ɗalibai talatin daga ɗakin kallo, magoya bayan kulob daban-daban, kowa ya rubuta nasa shi kaɗai ya jefa a akwati, a ɗauki abin da mafi yawa suka ce. A ƙara shafi na uku, wanda ba tunani a cikinsa ko kaɗan, a rubuta cewa duk kulob ɗin da ya fi matsayi a tebur shi zai ci. Ba za a sa ko kwabo ba. Ranar Litinin sakataren wasanni ya ƙirga a gaban jama'a, bayan mako goma a buga jimlar wasa 100 ɗin a wannan mujalla, da sunan zauren kowane boka da kuɗin da yake karɓa a wata.